Ranar Da Na Ɓuya A Bayan Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, don mutanen da abin ya faru a gabansu ba masu barin mutum ya huta ba ne.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a nan Guangzhou ta ƙasar China. Duk watan Oktoba sai ka ga manyan kantuna da shagunan shan shayi sun rataye kabewa mai haƙora da ƙwarangwal na roba, 'yan ajinmu Turawa suna ta murna wai watan tsoro ya kama. Abokin ɗakina Isuhu, ɗan Damagaram, shi ya kawo shawarar mu ma mu shiga sahu, kullum in mun dawo daga aji mu kalli fim ɗin tsoro guda. Fim na biyu ko rabi bai kai ba ya miƙe ya ɗauki bargonsa.

"Ni kam na bari, mon ami," in ji shi, da ɗan Faransancinsu na Nijar. "Ina son barcina."

Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ba kallo kaɗai na ci gaba da yi ba, har sharhi na fara rubutawa a guruf ɗinmu na ɗalibai Hausawa. Maimakon taurari, barkono nake ba fim, daga ɗaya zuwa biyar. Na Amurka da wani ƙato yake bin mutane da wuƙa na ba shi barkono ɗaya, na ce wannan ai rigimar 'yan daba ce, mun saba gani. Na yi ta caccakar Turawan ciki, waɗanda za su ji motsi a ƙarƙashin gida su ɗauki tocila wai za su je su duba. Wa ya aike ku? Na ƙasar Thailand da keken ɗinki yake ɗinka likkafani shi kaɗai, barkono biyu. Na Koriya da lif yake tsayawa a hawan da babu shi a ginin, na ce sai da na yi gyangyaɗi.

(Tsakanina da kai mai karatu: da rana nake kallo, labule a buɗe, murya can ƙasa, tafin hannuna ya rufe rabin allon. Da kiɗan ya fara sauyawa sai in tura fim ɗin gaba. Wani lif a makarantarmu kuwa tun daga ranar ban sake shiga shi ni kaɗai ba.)

Kuskuren da na yi shi ne tura wa Rukayya sharhin nan. Rukayya ita ce wadda zan aura, tana Kano, an riga an kai gaisuwa ana jiran in gama karatu. Ashe tana karanta wa mahaifiyarta, suna ta mamakin irin zuciyata.

Mahaifiyar tata, Hajiya Binta, 'yar kasuwa ce, dogayen riguna da kayan mata take sarowa. Duk shekara in lokacin baje-kolin Pazhou ya zo takan shigo, ta gama da masu masana'anta sannan ta zagaya kasuwar tufafi ta Baima. A wannan zuwan tafintan da ta saba da shi ya tafi gida, sai Rukayya ta kira ni ta ce, "Kai za ka raka Umma. Don Allah ka fitar da ni kunya."

Ka san dai yadda Bahaushe yake da surukarsa. A harabar otal na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, 'yan China suna wucewa suna leƙen ko wani abu na yar. Ban yarda mun haɗa ido ba. Ita ma ba ta kama sunana, sai dai "ɗan nan". Kwanakin farko komai lafiya lau: ina riƙe jaka, ina fassara, ina taya ta ciniki har ta fara cewa, "Allah ya yi maka albarka." Kaina ya yi girma.

Ana gobe za mu Baima na kalli wani fim na Indonesiya. Wannan kam ya taɓa ni. Sauran finafinan ina kwantar da hankalina da cewa mutanen ciki ba su san addu'a ba ne. Waɗannan kuwa Musulmi ne 'yan'uwana, suna karanta abin da ni ma zan karanta, amma matar nan mai farar riga da gashi har gwiwa ko gezau. Na kashe kwamfuta, na ɗauki waya na rubuta: "Barkono biyu. Ko ƙanwata ta firamare ba za ta firgita ba."

Washegari wajen azahar muna wani shago a Baima, Hajiya ta ga rigar da ta yi mata, amma ruwan toka take so. Lauban ɗin, wato mai shagon, wata mata ce mai fara'a, ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo, meyo." Babu ke nan. Can ta tuna akwai ragowa a sitonta da ke wani tsohon gini a baya. Ta kwatanta mini hawa da lambar ƙofa, ta ce yarinyar shagonta tana can.

Muka hau. Dogon lungu ne babu taga, ƙofofi hagu da dama, fitilunsa irin waɗanda sai sun ji ƙara suke kamawa, in aka yi shiru su mutu. Ga mutum-mutumin tallar kaya an jingine a bango, wasu babu kai, wasu babu hannu. A wani kwali kuwa hannaye ne zalla, yatsu a sama.

"Wannan wuri sai ka ce gidan aljanu," in ji Hajiya. "Shige gaba, ɗan nan, kai da aka ce ba ka san tsoro ba."

Na shige gaba. Me zan ce?

Ƙofar siton a buɗe take kaɗan. Na tura, na yi sallama da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Shiru. Ciki dilolin kaya ne har rufi. Muna tsaye muna sauraro, sai fitilar lungun ta ɗauke.

Sai na ji motsi. Wani abu ya yi nishi mai tsawo daga tsakanin dilolin, sannan ya fara tasowa a hankali. Farar riga. Baƙin gashi ya zubo ta gaba. Wani shuɗin haske yana dukan fuskar daga ƙasa, fuskar kuwa fara fat kamar an shafa alli, babu hanci, babu gira, sai ramukan ido biyu da na baki. Ta juyo ta dube ni.

Jama'a, ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na ƙwalla ihun da tun ina jariri ban yi irinsa ba. Da na dawo hayyacina, sai na tsinci kaina a bayan Hajiya, na cukuikuye hijabinta da hannu biyu, na dunƙule kamar ɗan kaza, kuma (Allah ya yafe mini) ina tura ta gaba. Bakina yana ta zuba addu'a da ƙarfi, ban ma san wacce ba.

Ihun nawa ya kunna fitilun hawan gaba ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Aljanar ma ta ƙwalla nata ihun, wayar da ke hannunta ta faɗi. Ta sa hannu ta ɓare fuskarta, sai ga yarinya 'yar kimanin shekara ashirin, idanu jajur saboda barci. Barcin rana take yi a kan tabarmar kwali kamar yadda suka saba, ta manna wannan farar takardar gyaran fata da matan nan suke liƙawa a fuska, ta tashi tana duba wayarta.

Ƙofofi suka fara buɗewa. Masu dako suka leƙo. Daga siton da ke kallonmu wasu Alhazai biyu 'yan Kano suka fito, ɗaya ma tare muke sallar Juma'a.

Hajiya ko motsi ba ta yi ba. Ta dubi yarinyar ta gaishe ta da Sinanci, "Nihau." Sannan ba tare da ta waiwayo ba ta ce, "Ɗan nan, sakar mini hijabi, za ka shaƙe ni."

Na saki. Na ga inda yatsuna suka yamutsa shi, na fara ƙoƙarin miƙar da wurin da hannu, sai na tuna jikin wa nake taɓawa, na ja da baya na taka kwalin hannayen nan.

Ka ɗauka nan abin ya tsaya? Ka manta ni ne tafinta. Yarinyar ta dafe ƙirji tana ta zuba magana tana nuna ni.

"Me take cewa?" in ji Hajiya.

Na sunkuyar da kai. "Wai... tana tambaya ko ba ni da lafiya ne."

"Sai kuma me?"

"Wai ko ni ɗanki ne."

"To gaya mata ba ɗana ba ne tukuna. Ana dai shawara."

Haka na juya na fassara wannan magana da bakina zuwa Sinanci, kalma bayan kalma. Yarinyar ta fashe da dariya har tana zama a kan dila. Alhazan nan ɗaya ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, ɗayan ko kunya babu ya ce, "Sannu jarumi, Allah ya tsare gaba."

Hajiya ta zaɓi rigunanta a natse, ta duba ɗinki, ta sa aka ɗaure, ta ce wa yarinyar "shiye-shiye", wato na gode, muka fito. Muka shiga tasi. Ni dai ina kallon titi ina lissafin yadda zan gaya wa mahaifina cewa maganar aure ta lalace a siton riguna. Wayata tana ta motsi a aljihu, labari har ya kai guruf, Isuhu yana tambaya ko in na dawo ya raka ni banɗaki.

Muka tsaya a wani gidan abinci na Musulmi. An kawo taliya da naman rago, na kasa ɗaukar cokali. Hajiya ta yi bisimilla, ta kai loma ɗaya, sai ta ajiye cokalin.

"Ɗan nan, ka san addu'ar da ka yi ta karantawa ɗazu?"

"A'a, Hajiya."

"Addu'ar cin abinci ce." Ta gyara zama. "Wato ka miƙa mata ni, kuma ka yi mata bisimilla."

Sai dariyar da ta riƙe tun daga sito ta ƙwace mata. Ta yi dariya har da hawaye, tana goge ido da bakin hijabin da na yamutsa, masu kawo abinci suna kallonmu. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Ni ma tun ina cijewa har na biye mata, kaina dai a ƙasa.

Da yamma Rukayya ta kira. Ta kasa magana, sai ta fara "Wai da gaske..." sai dariya ta sarƙe ta, ta kashe, ta sake kira. A kira na ƙarshe ne ta iya gaya mini hukuncin da Hajiya ta yanke. Ta ce wa Alhaji, mahaifin Rukayya, a waya a sa rana kawai, ta gamsu. Wai namijin da yake tsoron duhu ba zai kai dare a waje ba, 'yarta za ta huta da jiran ƙofa.

An ɗaura aure bayan na gama karatu, yanzu haka ni da Rukayya muna nan Guangzhou ina aikin tura kaya. Labarin kuwa babu wanda bai ji ba a danginsu, har kakarta da ba ta ji sosai sai da aka maimaita mata da ƙarfi a gabana. Hajiya tana nan tana zuwa duk shekara, kuma ni nake raka ta. Duk lokacin da muka zo bakin wani lungu mai duhu sai ta gyara hijabi ta ce, "Tsaya a bayana, ɗana, amma kar ka ja."

Abin da na koya bai da yawa. In za ka yi cika baki, yi shi a kan abin da ba za a taɓa gwada ka ba. In kuma tsoro ya zo ya zama dole ka ɓuya a bayan wani, daure ka ɗaga kai ka duba bayan wa ka samu.