Injiniya Labaran da Tsagar Soron Barau

Duk ƙasar Bakura, ka gangara Mafara ka haura Maradun, ba a taɓa yin mai kishin tarihi kamar Injiniya Labaran na Tungar Barau ba. Shi ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, ya fi sau ɗari. Injiniyancin nan a aikin dam ɗin Bakolori ya samo shi. Kwana tara ya yi yana riƙe wa safiyo, mai awon ƙasa, sanda mai zane-zane, ran na goma ya riƙe ta a kife, aka yi masa godiya aka nuna masa hanyar gida. Bai dawo hannu rabbana ba, ya taho da hular kwano rawaya, wadda yake kifawa a kan hularsa ta saƙi. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa kasuwar Damri. Alwala kaɗai ke raba su.

A tsakiyar Tunga akwai soron da Barau, kakan kakannin mutanen garin, ya gina da jar ƙasa da azara. Nan ake ɗaurin aure, nan dattawa ke shan inuwa suna gyara duniya. Da manyan motocin dam suka fara ratsa bayan gari da duwatsu, ƙasa na rawa, sai bangon gabas ya tsage tun daga indararo har ƙugun mutum. Damina kuwa saura wata biyu.

Tsoho Sambo Magini ya zura hannu cikin tsagar, ya ce abin bai kai ga kuka ba. A yi gayyar kwana biyu, jakuna su ɗebo ƙasa, a canza azara uku, a shafe da makuba, shi ke nan.

Injiniya ya gyara hular kwano, ya dube shi da tausayi.

"Baba Sambo, Allah shi ba ka haƙuri, wanga ba rumbun dawa ba ne. Wanga tarihi ne! Tarihi kuwa gwamnati ka gyara shi, da takarda da hatimi. In kunka liƙe tsagag ga, mi za ni gwada ma manya in sun zo? Kowa ya taɓa ta, ni da shi sai Ikko."

Nan take ya kafa Ƙungiyar Ceton Soron Barau. Aka yi zaɓe, ya tsaya shi kaɗai, ya ci ciyaman da sakatare, ya miƙa wa kansa hannu.

Daga ranar tsaga ta samu uba. Ya kewaye ta da ƙaya don kada wani mai mugun nufi ya gyara ta. Kullum da safe zai auna ta da igiyar guga. Ran da ta ƙaru, da fara'a yake karyawa. Ran da ba ta ƙaru ba, ko gaisuwa ba ya amsawa sosai.

Ya ɗauko mai hoto tun daga Talata Mafara. Da hoto ya fito, ga Injiniya, ga hula, ga babbar riga ya baza ta kamar shanya. Tsagar tana bayansa, sai dai mai imani ya yarda tana nan. Da hoton ya je ofishin dam, ya yi wa wani Bature jawabi na rabin sa'a kafin ya gane mai gyaran famfo ne. A Maradun aka ce masa Tunga ba ƙasarsu ba ce. A Bakura aka ce ya dawo bayan salla, ba a faɗi wace ba. Ya dawo gida ya ce magana ta yi nisa ƙwarai, kuma gaskiya ne, don takalminsa ya shaida.

Daga ƙarshe ya ɗaure tabarma ya hau mota sai Sakkwato, ofishin masu kula da kayan tarihi. Kwana goma sha biyu ya yi a kan bencinsu, har baƙi suka fara tambayarsa ko shi ne maigadi.

A kwana na shida da tafiyarsa hadari ya taso a gabashin Tunga, ya yi gurnani ya wuce. Barira matar Injiniya ta ɗaga kai ta dubi bangon, don madafarta a gindinsa take, tukwanenta duka a ƙarƙashin tarihi. Ba ta rubuta wa kowa takarda ba. Ta daka gero, ta dama fura ƙwarya huɗu, ta aika wa Sambo cewa ƙaya dai ta riga ta shiga murhu. Washegari gari ya fito. Masu jakuna na ɗebo ƙasa, samari na kwaɓa ta da ƙafa, mata na jido ruwa, Sambo na bisa tsani yana zagin kowa cikin jin daɗi. Kwana biyu, soro ya tsaya sumul yana ƙamshin makuba.

Ran Laraba da hantsi sai ga Landiroba ta tsaya a dandali. Injiniya ne a gaba, hannu a waje yana ɗaga wa kaji. Bayansa wani jami'i siriri mai tabarau ya fito da littafi.

"Ranka shi daɗe, ka shirya zuciyakka," in ji Injiniya, yana tafiya da baya don kada jami'in ya rasa fuskarsa. "Abin da za ka gani, Turawa sun gani sun yi hawaye. Tsaga ce wadda raƙumi ka shiga da kaya. Ni kaɗai ni tsare ta da jikina. Ga ta!"

Ya juya ya nuna. Bango ya dube shi, shi ma ya dubi bango.

Ya zaga arewa, ya zaga kudu, ya leƙa ciki, ya shafa da tafin hannu kamar mai neman ƙuma a jikin akuya. Jami'in kuwa sai jinjina kai yake yi. Ya ce rabonsa da ganin ginin ƙasa mai lafiya haka ya daɗe, ya tambayi wa ya yi aikin. Sambo ya ce gari ne.

"Ɓarna ce, ranka shi daɗe!" Injiniya ya daka tsawa. "Sun ɓoye shaida! Kwalliya ce kawai, ciki ruɓaɓɓe ne. Tsaya ka gani, yanzu shina faɗuwa."

Ya tattare babbar riga, ya ja da baya har bakin rijiya, ya sheƙo a guje, ya kai wa tarihi kafaɗa. Aka ji ƙas! Kowa ya dubi bangon. Ko ƙura bai zubar ba.

Mutum huɗu suka ɗauki ciyaman da sakatare a kan ƙyauren ɗaki ɗaya, suka nufi gidan mai ɗori a Damri, yana nishi yana ba da umarnin a bi a hankali. Jami'in ya buɗe littafinsa, ya rubuta, ya karanta wa dattawa don su shaida: ya zo Tungar Barau, ya duba ko'ina, abu ɗaya ya samu a karye, kuma bai kai shekarun da ofishinsu ke gyarawa ba.