Ranar da Na Haɗiye 'Ya'yana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wani kifi, wanda ko a kasuwa ban taɓa gani ba, ya kusa raba ni da Rabi, wadda nake neman aure.

Ina koyar da ilimin halittu ne a kolejin wani gari kusa da Mayahi, inda ruwa mafi girma shi ne tabkin damina. Darasin ranar kan wani ɗan kifin teku ne: tsawon yatsa, ido dara-dara, da rana yana laɓe cikin ramukan murjani, sai duhu ya yi ya fito kiwo. Abin burgewarsa, idan macen ta yi ƙwai, namijin ke kwashe su a baki, ya yi kwanaki bai ci komai ba har su ƙyanƙyashe.

Yara suka ce ƙarya ne. Don kare mutuncin kimiyya na ɗebi aya cikin hannu na cika baki, kumatu suka yi tulu (a makarantar horon malamai wannan ake kira koyarwa a aikace), na shiga iyo tsakanin tebura.

Sai sallama daga bakin ƙofa. Malam Idi ne, shugaban iyayen yara, mahaifin Rabi. Jumma'ar nan zai ba magabatana amsa, kuma an ce kamun kai yake dubawa.

Na durƙusa. Amsa sallama wajibi ne, tofarwa gaban suruki kuwa ba ta taso ba. Na rufe ido na haɗiye, da kyar, har da hawaye.

Daga bencin gaba Hadiza, ƙanwar Rabi, ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Mushe," (haka 'yan makaranta ke kiran malami a nan) "ina ƙwan?"

Aji ya fashe. Ita ta yi wa babanta bayani tiryan-tiryan (darasin dai ya shiga).

Tsohon ya dube ni. "Wato shi kifin kwanaki yake yi bai haɗiye ba?"

"Haka ne, Baba."

"Kai hwa?"

Na sunkuyar da kai ina ƙirga tururuwa.

Ran Jumma'a amsa ta zo: ya ba ni. Wai wanda ya gwammace ya shaƙe da ya tofar a gaban babba, ya san kunya. Sharaɗi ɗaya ne: jikokinsa a goya su a baya.

Yanzu ɗanmu na fari yana rarrafe, kuma duk sanda na ɗauke shi sai Hadiza ta ce, "Yaya Rabi, mijinki ya ci abinci kuwa?"

Tun daga ranar, kifin teku a allo nake zana shi. Alli ba ya tsayawa a maƙogwaro.