Asibitinmu Ya Koma Bokiti

Ranar Litinin an kama ni da satar kayan gwamnati. Kayan kuwa ganye ne, bai cika hannu ɗaya ba.

Ga yadda aka yi. Na tashi da mura, hanci a toshe, kai kamar an ɗora mini buhun gawayi. Gwaggona Mma Zuera, wadda nake zaune a gidanta a Nima tun da na dawo daga karatu a ƙasar sanyi, ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Boga, tafi asibiti ka tsinko mini ɗoɗɗoya da ciyawar shayi, ka haɗo da ganyen darbejiya. Sirace za ka yi, ka daina cika mini gida da atishawa." Boga shi ne sunan duk wanda ya dawo daga Turai, ko da mota ya dawo ko da takarda. Ni da takarda na dawo.

Wanda ba ɗan layinmu ba zai zaci gini ta aike ni. Asibitinmu fili ne a ƙarshen layi, an zagaye shi da kwanon rufi. A ƙofa akwai babban allo mai hoton bene, da motar ɗaukar marasa lafiya, da wata nas tana murmushi. Rana ta cinye fuskar nas ɗin, haƙoran ne suka rage. Ina firamare aka fara aza harsashin wannan asibiti. Na gama sakandare aka sake azawa. Ina can waje aka turo mini bidiyon wata azawar a waya. Kowane Mai Girma da nasa shebur, kowane shebur da nasa jan ƙyalle.

Tsakanin Mai Girma da Mai Girma, ƙasa ta yi nata aikin. Rai-ɗore da tafasa da nonon kurciya suka fito da kansu. Gwanda ta tsiro inda aka tofar da ƙwallayenta. Sai matan layi suka ɗaga kwano ɗaya ta baya, suka ƙara shuwaka da zogale da ɗoɗɗoya. Mma Zuera ta kawo ciyawar shayi daga Bawku a gwangwanin madara, ta dasa a kusurwa, yau ta kai mini ƙirji. A Nima ke nan, inda akuya ma sai ta jira wata ta tashi kafin ta sami wurin kwanciya.

Dole a yaba wa Masu Girma. Sun ba mu asibitin da bai taɓa yajin aiki ba. Ba a yankar kati, ba a cewa likita bai iso ba, ba a rubuta maka takarda a ce ka je kemis ka saya.

Kada wani ya ce na zama boka. Zazzaɓi in ya ƙi sauka, a je a gwada jini. Na faɗa wa Mma haka har ta fara kirana dokta don ta ba ni haushi. Na kuma ga Abass tela, maƙwabcinmu, ya sha jiƙon darbejiya mai kauri don ya nuna shi namiji ne, ya yini a layin bayan gida na haya yana roƙon mutane su ba shi gaba. Amma mura da tari da kumburin ciki da ƙaiƙayi, ganyen filin nan ne ya riƙe su, shi da citta da kanumfari da lemun tsami da man kaɗanya.

To na sunkuya ta ƙarƙashin kwano yadda kowa ke yi, na tsinki abin da aka aike ni. Ina ɗagowa na ga mutum tsaye da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi.

"Kai! Me ka ɗauka?"

"Ganye."

"Kayan gwamnati ne."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Yau na fara jin gwamnati ta ce tana da wani abu a nan."

Bai yi dariya ba. A bayansa ana sauke tankokin feshi daga mota, irin waɗanda ake goyawa. Ya ce Mai Girma Sarkin Shebur zai zo ranar Asabar ya aza harsashi, kuma kafin nan za a fesa maganin ciyawa, kowane tsiro ya mutu. Ya ƙwace ganyen, ya sa a aljihu a matsayin shaida. Na koma gida da murata.

Na tarar da Mma tana dakan citta. Da na faɗa mata, ta ajiye taɓaryar.

"Feshi ka ce? Ba adda ba?"

"Feshi."

"Adda ai aski ne. In suka sare, ruwa biyu ya isa, ya dawo ya fi da. Feshi har saiwa yake bi. Ko wani abu ya sake fitowa, wa zai dafa wa jikansa ganyen da ya sha guba?"

Ta zuba mini ruwan citta da lemun tsami, ba zuma, kamar ni na sayo tankokin.

Washegari muka tafi ofishin da ke kula da irin waɗannan abubuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, su ma na ciki ba su gama sanin aikinsa ba. Ni aka sa gaba saboda Turanci, Abass saboda baki, Mma kuma ta sa mayafinta na zuwa suna. Ba mu ga Sarkin Shebur ba. Mun ga Ƙaramin Mai Girma, Mai Riƙon Jakar Sarkin Shebur, a ɗakin da sanyinsa ya tuna mini da makaranta. Na fara jera Turanci, ya katse ni da Hausa. Ashe ɗan Kotobabi ne, unguwar da ke kusa da tamu.

Ya ce, "Mma, asibiti kuke so ko ciyawa?"

"Wanda yake nan, ɗana."

"Za a gina muku na zamani. Har da lif na hawa bene."

"Allah ya ba da iko. Ranar da na ga bulo, ni da hannuna zan tuge ciyawar. Amma bulo nake son gani, ba kujerun roba ba."

Ya ce ganyen nan ba wanda ya auna shi, ba wanda ya san adadin da ake sha. Na ce wannan gaskiya ne, a tambayi Abass. Abass ya taka mini ƙafa, ya matsa gaba.

"Oga, mu bar dogon zance. A ba mu adda mu sare da kanmu, fili ya yi fes. Kyauta."

Ban taɓa ganin kalma ɗaya ta tsorata mutum haka ba. Ya waiga ƙofa, ya rage murya.

"Cale, abokina, kada ka sake faɗin wannan kalma a ofishin nan. An riga an ba da kwangilar feshi. Kana so mutane su rasa abinci?"

Mma ta gyara mayafi. "Yaushe za su fesa?"

"Alhamis da safe."

"To, a gaida Mai Girma."

Muka hau trotro, ƙaramar bas ta haya. Muna sauka ta shiga gida gida.

Ranar Laraba asibiti ya tashi. Duk abin da zai riƙe saiwa ya fito: bokitin fenti, tsohuwar taya, jarkar mai da aka yanke wa kai, bahon wanka da ya tsage, tukunyar koko da ta huje. Mata suna tona, maza suna ɗauka, ana faɗa a kan shuwakar wa ce wannan. Wata ta rantse zogalen kusa da ƙofa nata ne tun yana sanda, wata ta ce ita ta ba ta sandar. Ni da Abass aka ba mu ciyawar shayin Mma. Wanda bai taɓa rungumar ciyawar shayi ba, ina ba shi shawara ya sa riga mai dogon hannu. Ta yanka ni kamar reza, Mma na biye da mu tana cewa, "A hankali, Boga, ba akwatinka ba ne."

Malam Abdul-Mumin, ladanin masallacin layinmu, ya ba da wuri a gefen magudanar alwala. Ya ce ruwa na zuba nan kullum ba mai amfana sai sauro, gara ganye ya sha.

Ruwa ya samu. Ƙasa ce babu. Da muka tona filin, ba mu yi nisa ba muka ci karo da kankare: harsasan Masu Girma ne na baya, wani a kan wani. Tsiran nan duk a ɗan abin da ke sama suka rayu, shi ma rabinsa ya zube a hanya. A Nima kuwa ba ka da inda za ka ɗebi ƙasa sai gota, kwatar bakin titi, ita kuma ko rai-ɗore ba zai yarda da ita ba. Na je wajen masu sayar da furanni a unguwar manya na tambayi buhun baƙar ƙasa, na dawo ina ganin mutuncin shinkafa.

Aka yi feshi ranar Alhamis, fili ya koma ruwan ɗorawa, wari ya hana mu cin abinci a waje. Ranar Juma'a ɗoɗɗoya ta kwanta a bokitai, ciyawar shayi ta fara bushewa daga baki. Mma ta zauna gabanta a kan kujera 'yar tsugune, tana cire busassun ganye ɗaya ɗaya. Na ce mata ana sayar da irinta a Kasuwar Malam Atta. Ta ce, "Ana sayar da yara ma a can? In naka ya yi ciwo sai ka sayo wani?"

Ranar Asabar da hantsi Abass ya leƙo ta taga.

"Boga, fito ka ga ikon Allah. Tifa!"

Ashe masu shirya biki sun gwada shebur a filin, ya yi ƙara ya dawo. Ba a son Mai Girma ya buga ƙarfe a kankare gaban kyamara, kuma bayansa ba ya son wahala. Sai aka aiko da tifa guda ta baƙar ƙasa daga bayan gari, mai laushi, mai ƙanshin gona, aka juye a tsakiyar fili don shebur ya shiga salin alin.

Mma ta je ta duba. Ta damƙi ƙasar, ta murza, ta shinshina. Ta dawo ta sake shiga gida gida.

Ba a taɓa cika wajen aza harsashi irin na ranar ba. Layinmu kaf ya fito, da na baya, har da 'yan unguwar Maamobi da suka ji labari. Kowace mace da daro ko baho a cinya. Mai Girma ya hau mumbari ya ga jama'a. Ya ce bai taɓa ganin ƙauna irin ta mutanen Zongo ba. Na ga ya sunkuya yana tambayar Mai Riƙon Jaka, yana nuna darurrukan. Daga baya na ji amsar da aka ba shi: wai al'adarmu ce ta tarbar babban baƙo.

Ya yi jawabi. Ya ambaci lif. Ya ɗebi ƙasa shebur ɗaya, ya riƙe har aka gama hoto, ya mayar da ita inda ya ɗebo. Aka yi tafi, kuma wallahi na zuciya ne.

Daga nan kowa ya kama kayansa. Masu rumfa suka naɗe rumfa, masu kujera suka tara kujera, tukwanen furanni na haya suka koma mota, shebur da jan ƙyallensa ya shiga but ɗin mota. Ƙasa ce kaɗai ba wanda ya zo karɓa. Kafin jiniyar Mai Girma ta fita babban titi, tulin ya zama tarihi. Mma na tsaye a kai tana ba da oda: a bar taƙi ɗaya daga ƙasa, wanda ya taɓa wurin feshi kada a ɗauka. Ni na yi sawu har wuyana ya manta da mura.

Yanzu asibiti ya rabu sashe sashe. Sashen ciki yana kan rufin shagon Abass, ana hawa da tsani. Sashen tari da mura yana bayan masallaci, lokacin ganin likita bayan kowace salla. Gwanda ba ta tsira ba. Darbejiya ba ta ɗaukuwa, ta sha feshi a tsaye, Mma ta hana taɓa ta sai ruwa ya wanke ta sosai. Ciyawar shayi kuwa ta fitar da sabon tsiro, kore shar, a cikin bahon wanka. Mma ta kira ni na gani, ta ce kada in taɓa.

Kada Masu Girma su karanta wannan su ce mun ƙoshi. A satin nan matar Rahim direba ta fara naƙuda, abin ya zo da gardama, suka maƙale a cunkoson motoci tana ihu a bayan tasi. Allah ya sa sun isa, uwa da ɗiya lafiya. Babu ganyen da ke yi wa mace tiyata. Asibitin muke so, na bulo, ko ba lif.

Amma in har azawar ce za a ci gaba da yi, ba mu ƙi ba. Roƙonmu ɗaya ga Mai Girma na gaba, Allah ya ja zamaninsa tun kafin mu san shi: tifa ɗaya ta yi kaɗan, gidaje da yawa ba su samu ba. A turo biyu. A kuma gaya wa direba ya juye ta ɓangaren masallaci, wuyan iyayenmu mata ba na haya ba ne.