Istar Bara a Cikin Kwamfuta

"Lafiya lau, angona. Yau kuma da wace ɓarnar aka zo?"

Kaka Tsvetanka ko ɗago kai ba ta yi ba, tana rina ƙwai ja na bikin Ista a kicin ɗinta na birnin Plovdiv. Shekara talatin ta yi tana rubuta wa kwamfuta umarni, tun zamanin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki. Jikanta Zdravko kuwa, gwanin birni, shi ya haɗa wa baban budurwarsa manhajar gidan burodi mai sayo fulawa da ƙwai kafin biki. Ga Ista jibi, manhaja ta rantse saura mako biyu. Ba ƙwai, ba burodin biki, suruki ya ce a dakata da maganar aure.

"Tsohuwa, ke da kika girmi lantarki, me kika sani?"

"Na san Ista lissafin wata take bi, ba ta da rana ɗaya. Me ka rubuta?"

Ya sosa ƙeya. "Ranar bara na kafe a ciki. Ya fi sauri."

"Tir! Sauri kan haifi nawa. Shashasha, ka ɗaure wata da igiya?"

"Ke ai ko kwanakin mako sai kin lissafa, shi ya sa mijinki Kaka Iliya ya mutu yana jiran abinci."

"Ƙarya kake! Kwanan mako bakwai ne har a busa ƙaho, shi ake kafewa. Abin da ke yawo, lissafa shi ake yi. Amma ina, kai kanka na ado ne."

"Zan sake ki fa."

"Saki mana! Wa zai kwashe ka? Waccan ma ta kusa kuɓuta."

Nan maganar ta soke shi. Yana son yarinyar nan ba kaɗan ba.

Kaka ta yi tsaki, ta jawo wani tsohon littafi duk maiƙo ta wurga masa. Layi tara ne da rubutun hannunta, masu fitar da ranar Ista ta kowace shekara.

Ta ce, "Ƙwai ɗari uku na ƙasan bene. Tun da na ji kai ka yi aikin na saya."

Zdravko ya fashe da dariya, ido ya kawo ruwa. "Na bi, uwargida. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Ɗauki ka kai wa surukinka. Kuma ranar auren, bar mini ni in rubuta."