Sai Ka Gaida Mai Girma Kafin Ka Ga Maɓalli

Jiya, jama'a, na wuni ina kallon wata 'yar da'ira tana juyi a wayata kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Lasisin shagon askina ne ya ƙare, jiyan kuma ita ce ranar ƙarshe ta sabuntawa, wanda bai yi ba a garƙame masa shago. Manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, sun hana bin layi a ofis. Sun ce a yi komai ta intanet don talaka ya huta.

Na kuwa huta. Na danna shafin, na aske mutum guda, na dawo, sai ga hoton Mai Girma ya fara buɗewa, hularsa tana saukowa daga sama. Na ƙara aske wani, goshi ya bayyana. Kafin a kai ga murmushi datata ta ƙare. Na sayi wata, hula ta sake farawa daga farko. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba wanda ya gaya mana da data ake hura wutar.

Maƙwabcina mai gyaran takalmi ya leƙo. "Kai ka ma yi sa'a," in ji shi. "Ni tun shekaranjiya ina kan kunnen mataimakin Mai Girma."

Da abin ya ishe ni, na kira 'yar ƙanwata, wadda haɗa shafukan intanet ne sana'arta. Ashe har da ita cikin waɗanda aka ɗauka su gyara wannan ɗin.

"Kawu, kaya ne suka yi wa shafin yawa," ta ce. "Maɓalli ɗaya kake nema, amma sai wayarka ta sauke bidiyon jawabi, da kiɗan maraba, da hotunan mataimaka kaf. Kamar a aike ka sayen gishiri ka tafi da gado da katifa."

"To ku sauke kayan mana."

"Ai mun sauke. Mun matse hotuna, mun zubar da abin da ba a amfani da shi, muka sa maɓalli ya fara fitowa, sauran su biyo baya in an nema. Kafin ka ƙifta ido ya buɗe."

Ta ce sai aka kai wa Mai Girma ya gani. Ya danna, shafi ya buɗe nan take, ya ɓata rai. Wai ina aka taɓa shiga gida ba a gaida maigida ba? Wai kuma ofishin da ke buɗewa da sauri haka raina shi za a yi. Aka mayar da komai inda yake, har da ƙarin hoton ranar da ya zo duba gyaran.

Gaskiya na ji ciwo, don da wannan almakashi nake ciyar da gida. Ku da naku lasisin bai ƙare ba, gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Amma kada a yi wa manyanmu sharri a ce ba su iya rage kaya ba. Da safen nan ma'aikacinsu ya iso ƙofar shagona, ba jawabi, ba kiɗa, kwaɗo ɗaya ne kawai a hannunsa. Kafin in gama amsa sallamarsa ya gama aiki.