Ranar da Ciyaman ya buɗe jakata

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da gwaggon biri ya tona mini asiri a gaban mota guda ta ɗaliban jami'a ba.

Lokacin ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Greensboro ta ƙasar Amurka, ina tuƙo mota kullum daga McLeansville. Shekara huɗu ban je gida ba. Da na samu hutu, sai na ce ba zan ƙare shi a yawon gaishe-gaishe ba, na rubuta wa wani wurin shaƙatawa da ke cikin daji a ƙasar Bauchi, mai ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, na ce zan yi musu aikin sa kai na mako uku. Suka ba ni ɗakin duba marasa lafiya. Ban da wanke ciwo da ba da maganin ciwon kai, babu wani aiki, don haka na roƙi Malam Ɗanjuma, babban mai gadin dajin, ya bar mini yi wa baƙi bayani kan birai.

Birai kuwa su ne masu wurin. Babbansu ma'aikata na kiransa Ciyaman, saboda ba ya sauri kuma ba ya gaisuwa. Kwana goma na yi ina kallonsa da littafi a hannu ina rubuce-rubuce (har yau ban san wa na yi niyyar nuna wa ba). Malam Ɗanjuma ya shekara ashirin da su, amma ni nake gyara masa bayani. Yakan ce, "To, Malama," ya wuce.

Ana cikin haka Hajiya Zainabu ta iso. Mutuniyar Maraɗi ce, maƙwabciyarmu a Greensboro, ita ta riƙe ni kamar 'yarta tun zuwana. Ta zo ganin gida, ta ji an ce ruwan na taimakon gwiwa, ta sa aka kawo ta. Tana da ciwon suga. Da za ta shiga ruwa sai ta miƙo mini 'yar jakar allurarta, ta ce, "Ɗiyata, sa mini pikirina cikin sak ɗinki, kar shi jiƙe." Na jefa a jakata na ja zif.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, a ƙasan jakar akwai kilishi. Nakan ɗan ɓalla in ci idan babu kowa.

Daidai nan motar ɗalibai ta tsaya. Na ɗauki lasifika na hau kan dakalin bakin ruwa, na gyara mayafi, na fara, ina sako Turanci da hanci don a san daga ina na zo. Doka ta farko, kada a riƙe abinci a jaka, don biri na jin ƙamshi. Ta biyu, kada a yi ihu. Ta uku, komai ya faru kada a gudu. Na ƙara da cewa, "Ni kun ga sun san ni, ba sa zuwa kusa da ni."

Ina rufe baki na ji an ja ni ta kafaɗa. Na waiwaya, muka haɗa ido da Ciyaman.

Na yi ihu a cikin lasifika, har tsuntsaye suka tashi. Na saki jaka, na zura da gudu, na manta a kan dakali nake. Sai ga ni tsundum a ruwa, da atamfa da takalmi da lasifikar gwamnati. (Ruwan dai da ɗumi, wannan kam zan shaida.)

Da na ɗago kai, Ciyaman na zaune a kan rufin ɗakin canza kaya. Ya ja zif da yatsa biyu, ya fi ni iyawa. Ya fito da hoda ya yar, ya fito da littafina ya yar. Sannan ya zaro kilishin, ya ɗaga shi sama kamar mai gabatar da shaida a kotu. Wata ɗaliba ta ce, "Anti, wannan doka ta nawa ce?" Aka kwashe da dariya. Malam Ɗanjuma kansa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. A hankali ta ce, "Ɗiyata, pikirin."

Na duba, 'yar jakar allurar na hannunsa na hagu, yana jujjuya ta. Gari na da nisa, kuma ba tabbas a samu irin tata a can. In ya ciji kwalbar maganin da ke ciki, Hajiya za ta ci abincin rana babu magani. Wani ya ɗauki dutse, na ce ya ajiye, don in ya jefa, Ciyaman zai shige daji da ita. A duk rubuce-rubucen banzan da na yi, abu guda na gani da idona: ba ya sakin abin da ya riƙe sai ya ga wanda ke buƙatar hannu biyu.

Na fito daga ruwa ina ɗiga, takalmi ƙafa ɗaya, na je kicin na ce a ba ni kankana mafi girma. Na raba ta biyu, na rungumo rabi. Malam Ɗanjuma ya ce, "Malama, kawo in kai." Na ce a'a, ni na jawo. Ya ɗauki sandarsa ya biyo ni a baya.

Na isa gindin ɗakin. Haƙoran Ciyaman sun kai tsawon yatsana. Na ajiye kankanar, na ja baya taku uku, ban gudu ba. Ya dube ni, ya dubi kankana, ya sauko ba sauri. Ya miƙa hannu ɗaya, ta ƙi ɗaukuwa. Sai ya saki jakar a ƙasa ya rungumi abinsa ya tafi.

Kwalbar ba ta ko tsage ba. Ni na yi wa Hajiya allurarta, tana ce mini, "Sannu ɗiyata, Allah shi yi miki albarka." Malam Ɗanjuma ya tsaya a ƙofa ya ce, "Wannan dabarar ta hannu biyu, ban taɓa lura da ita ba." Ban taɓa jin yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Da muka koma Greensboro na ɗauka zancen ya mutu a daji. Ashe Hajiya ta riga ni. A wani suna a Summerfield na shiga falo na tarar tana tsaye tana kwaikwayon ihuna, mata na riƙe ciki. Na nemi hanyar fita. Sai na ji ta ce, "Ku tsaya, ba a gama ba. Wannan yarinyar da kuke wa dariya, ita ta tunkari dabbar da ƙafa ɗaya ba takalmi." Ta ba da sauran labarin tsaf, har ta ƙara wa Ciyaman tsawo.

Abin da na koya shi ne, kunya dai ba a tsere mata. Amma in za ka sha ta, ka yi addu'a ya zama a gaban wanda zai ba da labarin har ƙarshe.