Rasuwar Kabad Ɗin Kicin na Gidan Dawuda, Amrigebe

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Bahijja, matar Malam Dawuda tela na unguwar Amrigebe, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kabad ɗin kicin ɗina, wanda ya faɗo daga bango ranar Laraba da hantsi, a ƙarshen daminar 2004, bai ko ga damina ta biyu ba a duniya.

Marigayin ya shigo gidanmu ne daga kantin Alhaji Lukumanu na unguwar Habbena, mai sayar da kayan ɗaki. Ranar da na saye shi, Alhaji ya buga ƙirjinsa, ya kuma buga ƙirjin kabad ɗin, ya ce, “Hajiya, wannan maɗaci ne zalla daga Kamaru. Jikokinki za su gaje shi. Garanti a bakina yake.” Na ɗauka bakin dattijo wurin ajiya ne.

Za mu tuna da marigayin da kyawun fuska. Fari ne tas, yana sheƙi, hannayen ƙofofinsa ruwan zinare. Matan layinmu sun yi ta shigowa kallo kamar an yi haihuwa. Mai kunya ne, bai taɓa ɗaga murya ba, sai dai in an buɗe ƙofarsa ta hagu ya ce “ƙiiit,” a hankali, kamar mai neman gafara.

Ciwon ajali ya fara da ruwan farko. Cikinsa ya kumbura, fatarsa ta saɓule, sai ga abin da ke ciki: garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse. Gara ta zo ta ɗanɗana, ta koma.

Na garzaya Habbena. Alhaji Lukumanu ya saurare ni yana sakace, sannan ya tambaya, “Hajiya, ba dai girki kike yi kusa da shi ba?” Na ce kabad ɗin kicin ne, Alhaji. Ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce tururi ba ya cikin garanti. Da na koma, ya ce danshi ma ba ya ciki. A zuwa na gaba ya turo kafintansa, wanda ya zo da ƙusa a bayan kunne, ya buga ta, ya ci tuwona, ya tafi.

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Aka kira Alhaji, ya zo da babbar riga tana ƙamshin turare, ya rantse zai musanya mini “bukra,” wato gobe. Mai unguwa ya ce, “'Yata, kin ji da kunnenki, ki yi haƙuri.” Na yi. Da goben ta ƙi wayewa na koma gidan mai unguwa, matarsa ta ja ni kicin don in ga sabon kabad ɗin da Alhaji ya aiko musu kyauta. Na ƙwanƙwasa shi. Shi kam maɗaci ne. A komisariya kuwa, wato ofishin 'yan sanda, ɗan sandan ya ce tunda ba a doki kowa ba, ba su da ta cewa.

Ranar Laraba ina yanka kuɓewa a tsakar gida, na ji marigayin ya ce “ƙiiit” ba tare da an taɓa shi ba. Sannan ya ce “rugugum.” Bai ƙara magana ba.

Bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da kwanon tangaran na mahaifiyata, wanda kakarmu ta ɗauko daga Katsina a hanyarta ta Makka, tafiyar da ta tsaya a garin nan. Kwanon ya sha tafiyar ƙasa da jaki bai tsage ba, sai da ya hau kayan Alhaji Lukumanu. Na tsince gutsattsarinsa a ƙasa ina kuka, kuma wannan kukan ba na wasa ba ne.

Marigayin ya bar durowa ɗaya mai rai, da ƙusar kafinta wadda har yanzu take tsaye a bango ba ta riƙe komai, da iyalan kyankyasai da suka rasa matsuguni. Ya kuma bar ƙanne da yawa a kantin Habbena, farare tas, suna jiran iyayen riƙo.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, lokacin da kasuwa ta cika. Za a ɗauki gawar a amalanke daga Amrigebe, maƙwabciyata Goggo Hansatu da sauran matan layinmu suna biye, a shimfiɗe ta a ƙofar kantin mahaifinsa, Alhaji Lukumanu. Ba za a rufe ciki ba, don duk mai niyyar sayayya ya samu yin ban kwana. A nan za mu zauna karɓar gaisuwa, kowace ta zo da tabarmarta da butar shayinta. Ba a sa ranar tashi daga zaman makoki ba. Alhaji Lukumanu ne zai sa ta, ranar da gobensa ta waye.